Rasuwar Zirnaƙo a Kan Gadar Verrazano

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai ciwo, Tamimu Haruna na Concourse Village a Bronx yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nan New York da na gida Kumasi, rasuwar babur ɗinsa, Zirnaƙo. Rai ya yi halinsa ranar Lahadi, sha bakwai ga watan Yuli na 2016, da ƙarfe uku da minti goma sha biyu na rana, a tsakiyar gadar Verrazano, bayan rashin lafiyar da ba ta cika minti biyu ba. Ya rasu yana da shekara arba'in da biyu a duniya.

Ya rasu ne a bakin aiki, yana ɗauke da ubangidansa zuwa Park Hill a Staten Island, inda Alhaji Abukari, mahaifin Fusena, yake zaune yana jiran ya ga mutumin da ke neman auren 'yarsa. Ƙarfe huɗu dattijon zai tashi zuwa filin jirgi ya koma Kumasi, kuma ya riga ya faɗa da bakinsa cewa in bai ga yaron da idonsa ba, babu maganar aure. Ana so masu ta'aziyya su riƙe wannan a ransu, domin shi ne ya sa mutuwar ta yi nauyi.

An haifi marigayin a ƙasar Japan a 1974. Ya yi ƙuruciyarsa a hannun wani Bature ɗan Pennsylvania, ya kai shi aiki ya dawo da shi shekara tara ba tare da ya taɓa ba shi kunya ba. Daga nan aka jingine shi a rumfar kaji aka manta da shi, har lokacin da Tamimu ya gan shi a intanet a 2013, ya ari motar ɗaukar kaya ya je ya taho da shi, da kashin kaji da komai.

A yadda ya zo, marigayin ba kyakkyawa ba ne, amma mutumin kirki ne. Yana da faffaɗar kujera mai ɗaukar mutum biyu, da madubai biyu, da madigadi gaba da baya, da mariƙi mai tsayi wanda mutum zai kama ya zauna a miƙe kamar mai jiran shayi. Injinsa irin na da ne, wanda ba ya shan fetur gaya. Dole a haɗa masa da baƙin mai, in ba haka ba ƙarfe ya ci ƙarfe a cikinsa. Saboda haka waɗanda suka ƙera shi suka sa masa ɗan tankin baƙin mai a ƙarƙashin kujera, da wani ɗan famfo da ke ɗiga masa man da kansa, ko mai shi ya tuna ko bai tuna ba.

To, Tamimu ba mutumin kirki ya je nema ba. Aikinsa tura marasa lafiya a keke daga wannan ɗaki zuwa wancan a wani asibiti, awa goma sha biyu a tsaye cikin shuɗin yunifom irin na kowa, babu mai kallon fuskarsa sau biyu. Abin da ya shiga ransa shi ne irin babur ɗin nan da Turawa ke kira kafe resa: a ɗauki tsohon babur a yi masa tsirara, a cire duk abin da ba gudu ba ne kuma ba kyau ba, har ya zama siriri, mai kwantaccen kai, kamar zai tashi sama ko yana tsaye. Shekara biyu ya yi yana wannan aiki duk Asabar a garejin Ishawu da ke Hunts Point. Ishawu bakanike ne ɗan Kumasi shi ma, ya girme shi da shekara ashirin, kuma shi ne mutum na farko da ya hango wannan rana.

Aka cire madubai. Aka cire madigadi. Aka yanke bayan firam, aka sa wata 'yar kujera mai kaurin tabarmar salla wadda mutum ɗaya ma sai ya matse. Aka sauke mariƙi ƙasa har kusa da taya. Aka canza tankin fetur da wani siriri dogo wanda bai fi cin galan biyu ba, aka yi masa baƙin fenti da zanen rawaya. Duk wannan Ishawu ya yi yana gunaguni. Ranar da aka zo kan famfon mai ne ya ajiye sufana ya goge hannu.

"Ka cire mirror, na yi shiru. Ka cire seat, na yi shiru," in ji shi. "Amma wannan pump, Tamimu, shi ne maƙogwaron moto ɗin nan. Ba a taɓa shi."

"Masta, tsaya ka duba daga nan," in ji Tamimu, ya tsuguna yana nuna ƙarƙashin kujera. "In muka cire tank ɗin da pump ɗin, mutum zai hango ɗaya gefen ta ciki. Clean paa, fes da shi! Duk manyan builders, masu haɗa irin wannan moto, haka suke yi. Sai in riƙa haɗa man da hannu."

"Kai ne za ka zama pump ɗin kenan. Kowane station, kowace rana, har ya mutu ko ka mutu."

"Na yarda, Masta."

"Ni ban yarda ba, amma moto ɗinka ne."

Tun daga ranar Tamimu ya zama famfo. Yana da wata 'yar kwalbar baƙin mai da ke zama a aljihun hagu na jaket ɗinsa na fata. Duk inda ya tsaya shan fetur sai ya auna ya zuba a tanki, ya kama babur ɗin ya girgiza. Murfin kwalbar bai taɓa rufuwa da kyau ba, don haka aljihun ya yi baƙi ya yi maiƙo, amma jaket baƙi ne, babu mai gani.

Dole a faɗi alherin mamaci, kuma Zirnaƙo yana da shi. Kyau dai Allah ya ba shi, ko a ce Tamimu ya ba shi. In aka ajiye shi a bakin masallaci ranar Juma'a, dattawan da suka rantse ba ruwansu da kayan yara sai an gan su suna zagaya shi da carbi a hannu. A Brooklyn, inda samarin Turawa masu gemu ke taruwa da baburansu ranar Lahadi, har kwanciya suke yi a ƙasa don su ɗauke shi hoto. Muryarsa kuwa ba ta da na biyu. In yana tsaye ya riƙa cewa rin-din-din-din, din, din, kamar mai ƙorafi a hankali. In aka murɗa masa totur sai ya ce wiiiiin, ya bar shuɗin hayaƙi mai ƙamshi a baya, yara su toshe kunne suna dariya. A kansa ne kaɗai aka taɓa tsayar da Tamimu a titi aka tambaye shi sunansa.

Amma marigayin yana da hali, kuma wanda ya zauna da shi ne ya sani. Ba a hawansa a zaune, sai dai a yi ruku'u, wuya a ɗage, nauyin jiki duk a kan tsintsiyar hannu. Bayan minti ashirin yatsu su mutu, bayan arba'in ƙugu ya fara kuka. Kowane rami da ke Grand Concourse sai ya miƙa wa mai shi saƙonsa kai tsaye a ƙashin baya. In an yi ruwa, tayar gaba ta kwaso ruwan titi ta zuba wa mutum a baki. Ba ya son sanyi, ba ya son zafi, ba ya son cunkoso, kuma ba shi da allurar da ke nuna saura fetur nawa, domin ita ma an ce tana ɓata masa fuska. Fusena, wadda ke aikin jinyar tsofaffi a Staten Island kuma ta san ciwon baya in ta gan shi, ta taɓa kallon yadda Tamimu ke saukowa daga kansa a duƙe, ta ce, "Wannan moto ne ko punishment?" Tamimu ya yi dariya, bai iya miƙewa ba sai da ya dafa bango.

Alhaji Abukari ya zo New York ne don a yi masa aikin ido, mako uku kacal. Dattijo ne mai shekara saba'in da ɗaya, wanda ya yi arba'in daga ciki yana gyaran injuna a Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Ba shi da yawan magana. Da aka kai masa zancen Tamimu, abin da ya ce kawai shi ne ba zai ba da 'yarsa ga murya a waya ba, a kawo masa yaron ya gan shi. Aka sa rana, ta zo daidai da an naɗe masa ido. Aka sake sa wata, asibiti suka hana Tamimu hutu. Ba abin da ya rage sai Lahadin tafiyarsa, ƙarfe biyu, bayan azahar. Likita kuwa ya riga ya gaya wa dattijon cewa zuciyarsa ba za ta sake ɗaukar doguwar tafiyar jirgi ba bayan wannan.

Da safe Fusena ta kira shi. "Kawu Sadick zai taho da dattawa a van ɗinsa. Ka shiga ciki, Tamimu. Don Allah ka shiga ciki."

Kawu Sadick ƙanin mahaifiyar Tamimu ne, shi ne uba gare shi a ƙasar nan.

"Fusena, Baaba fitter ne, bakanike. Shekara arba'in! In ya ga abin da na yi da hannuna, ba sai na yi magana ba koraa, ko kalma ɗaya. Zai san wane ne ni."

"Ni dai ƙarfe biyu na sani."

"Ƙarfe ɗaya da rabi ina ƙofar gidanku."

Kada a yi wa mai makoki mummunar fahimta. Ba raini ne ya sa shi ƙin shiga motar ba. Tsoro ne. Ya san in aka jera shi da dattawa a falo aka tambaye shi sana'a, amsar ita ce tura keken marasa lafiya. Zirnaƙo ne kaɗai abin da yake da shi a duniya wanda zai nuna wa tsohon bakanike ya ce, ni na yi wannan.

Ya sa sabon kaftani na farar shadda wanda tela ya yi mako uku yana ja masa rai a kansa. Ya tsaya gaban madubi, abin ya yi. Ya ɗauko jaket ɗin fata ya ɗora, abin ya ɓaci, ga shi kuma ana zafin da kwalta ke narkewa. Ya cire jaket ɗin. Ya zaro kwalbar baƙin mai daga aljihu, ya dube ta, ya dubi farin aljihun kaftaninsa, ya ga ɗigon da ke gangarowa daga murfin. A jikin babur ɗin babu inda za a sa ta, domin duk wani lungu da ake ajiye abu shi da kansa ya cire shi. Ya sauka ƙasa ya girgiza tanki, ya ji fetur ya ce caɓal. Ya ce zai kai. Ya koma sama ya ɗora kwalbar a kan firij, ya kulle ƙofa.

Ƙarfe ɗaya saura kwata ya fara buga kik. Marigayin, wanda bai taɓa tashi a bugu ɗaya ba in ana kallonsa, ya tashi a na goma sha ɗaya. Har suka wuce Queens lafiya lau ake tafiya, kaftani na kaɗawa, mutane na nuna su daga cikin motoci. Da suka shiga babbar hanyar Brooklyn sai komai ya tsaya cak. An rufe layi biyu ana gyara, motoci sun yi dogon layi har inda ido ya ƙare. Babur mai mutunci zai ratsa tsakani a hankali, amma kan Zirnaƙo ba ya juyawa sosai, don in an karya shi mariƙin na bugun tanki ya matse yatsa. Haka suka riƙa rarrafe, a kama kuloci a saki, a kama a saki. Zafin inji ya riƙa dukan ƙafafun Tamimu, gumi ya jiƙa shaddar ta manne a bayansa, hannunsa na hagu ya mutu har bai san ko yana riƙe da wani abu ba. Waya na ta zillo a aljihunsa, babu hannun ɗauka.

Ƙarfe biyu ta yi masa a nan. Biyu da rabi ma haka.

Uku saura kwata hanya ta buɗe, ya murɗa totur, marigayin ya ce wiiin, sannan ya ce bub, bub-bub. Fetur ya ƙare a cunkoso. Tamimu ya laluba ya juya makunnin da ke sakin ɗan fetur ɗin ajiya na gindin tanki, ya sauka daga babbar hanya a Bay Ridge, ya gangara gidan mai na farko da ya gani. Daga nan ana hango ƙarafan gadar a sama. Ya cika tanki, hannunsa ya tafi aljihun hagu da kansa, ya tarar da shadda.

Ya shiga shagon da gudu. Mai shagon ya duba kanta ya girgiza kai, ya ce irin man da yake nema ya ƙare tun jiya, masu yankan ciyawa sun kwashe. Amma ga baƙin man mota, in zai yi.

Zai yi. Wannan ita ce maganar da ta fi ci wa Tamimu rai har yau. Ya san zai yi, Ishawu ya taɓa gaya masa cewa ranar tsiya ko man mota ne a zuba, ya fi babu. Amma ya san kuma abin da man mota ke yi: hayaƙi baƙi ƙirin, da tofin baƙin mai daga salansa wanda iska ke maidowa a bayan riga. Ya ga kansa yana shiga Park Hill cikin hayaƙi kamar mai gasa kifi, bayansa duk ɗige-ɗige, a gaban mutumin da ya yi shekara arba'in yana sanin inji mai lafiya daga launin hayaƙinsa. Ya duba waya. Uku daidai, kira tara daga Fusena, da saƙo ɗaya: Baaba ya sa an fito da akwatuna.

Ya ce a ransa, ai akwai sauran haɗaɗɗen mai a gindin tanki. Mil biyar ne. Zai kai.

Hawan gadar Verrazano dogo ne, kuma gadar ba ta da gefen da mai matsala zai raɓe. Tamimu ya kwanta a kan tanki ya murɗe totur har ƙarshe. Marigayin bai taɓa gudu irin na ranar ba. Muryarsa ta yi sama, ta yi siriri, ta yi daɗi fiye da kullum, har Tamimu ya ji hankalinsa ya fara kwanciya. Ruwa ya bayyana a ƙasa ta dama da hagu, iska na tura su gefe. Suka wuce hasumiya ta farko. Sai wata 'yar ƙara ta shigo cikin muryar, tsik-tsik-tsik, kamar ana kaɗa cokali a kofi. Ƙarfi ya ragu. Tamimu ya ƙara murɗawa, alhali babu sauran abin murɗawa.

Kalmar ƙarshe da marigayin ya furta ita ce ƙiiiiƙ.

Tayar baya ta ƙame, babur ya fara jan gindi gefe yana zana baƙin layi a kwalta. Babu madubi, don haka Tamimu bai ga tirelar da ke bayansa ba, hon ɗinta kawai ya ji ya cika duniya. Mataccen hannun nan na hagu, Allah kaɗai ya san yadda aka yi, ya damƙe kuloci. Taya ta saki, babur ya miƙe, ya gangara shiru ya jingina da shingen ƙarfe. Tirelar ta wuce da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba, iskarta ta ɗage masa kaftani ta rufe masa kai.

Ya tsaya manne da shinge, motoci na tsala gudu a gabansa. Ya taka kik, kik ya ƙi motsi ko kaɗan. Ba a tafiya da ƙafa a wannan gada, ba a tsayar da tasi a kanta. Ya ciro waya ya kira Fusena.

"Kana ina?"

"Ina kan bridge. Moto ya mutu. Fusena, saura kaɗan in..."

"Ka ji ciwo?"

"A'a."

"Alhamdu lillahi. Tsaya, Baaba yana so shi yi magana da kai."

Muryar da ta biyo baya a kwance take, babu fushi a cikinta.

"Ɗana, sannu. Jikinka lafiya?"

"Lafiya lau, Baaba. Ku gafarce ni, Baaba, wallahi tun ƙarfe ɗaya..."

"Bari wannan. Inji ne, yana mutuwa. Ni na sani, na binne da yawa. In ta kama, sai Sadick shi zo shi ɗauko ka mu haɗu a airport. Wane irin moto ne?"

Tamimu ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Ya faɗi irin babur ɗin da shekararsa.

"Kai! Na san shi. Na gyara irinsa ya fi hamsin. Moto mai amana. Yaya ya yi kafin shi mutu?"

Tamimu ya kwatanta ƙarar cokali, da ƙamewar taya.

"Piston ya kama kenan. Mai ne babu. To pump ɗin ne ya lalace?"

A nan ne ƙofa take a buɗe. Da ya ce e, da an wuce wurin. Amma mutumin da tirela ta shafa minti uku da suka wuce ba ya iya ƙarya da sauri.

"Babu pump, Baaba. Na cire."

"Ka cire. Ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To don me?"

"Don... ya fi kyau haka, Baaba."

Wata motar bas ta wuce, gadar ta girgiza a ƙarƙashin ƙafafunsa.

"To. Akwai masu yin haka. Sai su riƙe kwalba a jiki. Ina kwalbarka?"

"Tana gida."

"Ka manta."

"Ban manta ba, Baaba."

"Uhm?"

"Tana yoyo. Farar riga na sa."

 A nan ne Tamimu ya jiyo tarin Kawu Sadick, da ƙarar cokali a faranti, da wani dattijo yana cewa subhanallahi ƙasa-ƙasa, ya gane cewa wayar a buɗe take, duk falon na ji.

"Ɗana," in ji Alhaji Abukari, "abin da ya ɗauke ka shekara da shekaru, ka san abin da yake ci, ka san in bai samu ba zai mutu, ka bar shi a gida don kada rigarka ta ɓaci. Ba sai Sadick ya wahala ba. Na ce ina so in gan ka. Na gan ka. Allah shi kai ka gida lafiya."

Motar janwe ta iso huɗu saura minti biyar. Aka ɗora gawar a baya, aka sauke su a ƙarshen gada ta ɓangaren Staten Island. Tamimu ya isa Park Hill huɗu da rabi, ya tarar dattijo ya riga ya tafi, sai kujerun roba a jere a falo, da tukunyar shinkafa da wake da ba a buɗe ba, da Kawu Sadick zaune a matakala da hularsa a gwiwa. Kawun ya dube shi daga sama har ƙasa. Kaftanin ya jiƙe, ya yamutse, amma babu ɗigon mai ko ɗaya a jikinsa. Ya tashi ya ɗauke shi a motarsa suka koma Bronx.

Ishawu ne ya buɗe marigayin washegari don a san musabbabin rasuwa. Ya zaro fistin na hagu, ya narke ya manne da bangonsa, ya ajiye a tafin hannun Tamimu yana cewa, "Da ƙishirwa ya mutu." Bai ƙara da cewa ai ya faɗa ba, kuma iyalan mamaci suna gode masa da wannan.

Fusena ta kira sau ɗaya, ranar Laraba. Tamimu ya fara cewa in an ba dattijo lokaci zai huce, ya roƙe ta ta sa baki.

"Tamimu, ba Baaba kaɗai ya ji ba," in ji ta. "Ni ke riƙe da phone ɗin."

Marigayi Zirnaƙo ya rasu ya bar madubai biyu, da madigadi biyu, da mariƙi mai tsayi, da faffaɗar kujera, da tankin baƙin mai da famfonsa, dukkansu cikin ƙoshin lafiya a wani kwali a bayan garejin Ishawu. Ya bar hotuna sama da ɗari huɗu a wayoyin mutanen da ba su taɓa hawansa ba. Ya bar jaket ɗin fata guda. Ya kuma bar ubangidansa, Tamimu Haruna, mai shekara talatin da huɗu, wanda yanzu jirgin ƙasa yake shiga zuwa aiki, kuma har yau in ya rufe ido hon ɗin tirela yake ji.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, talatin ga wata, bayan la'asar, a garejin Ishawu da ke Hunts Point. Ishawu ne zai yi masa wanka da kananzir. An tambayi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma babu laifi a zo a zauna da mai shi, domin shi ne abin tausayi. Duk wanda ke da bukatar taya, ko fitila, ko tanki mai zanen rawaya, ya zo da sufanarsa. Abin da ya saura za a raka shi wurin masu sayen tsohon ƙarfe da ke bayan layin. Ana roƙon kada kowa ya zo a kan babur, kuma kada kowa ya fara magana da "ai da ka".

Ba za a yi girki ba, amma za a raba goro. Ƙwarya biyu ne, fari da ja, masu kyau, waɗanda Kawu Sadick ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya ya kai Park Hill don tambayar aure. Gidan su Fusena sun dawo da su ranar Alhamis a cikin farin ƙyallensu, ƙullin da ya yi da hannunsa ko taɓa shi ba a yi ba. Ana roƙon kowa ya ɗiba da yawa, ya kai wa na gida, domin Tamimu ba ya so ko ƙwaya ɗaya ta sake bin sa Concourse Village.